Ga Lagdo kusa da mu, an gama Nachtigal: ina wutar take maƙalewa?

Tela_Yelwa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya, kuma don Allah masu ilimin abin su ba ni amsa da Hausar da tela zai gane. An ce an gama madatsar Nachtigal, injina 7 duk suna juyawa, megawat 420. Mu nan Garwa, a arewacin Kamaru, ga madatsar Lagdo kusa da mu. Da damina har ƙofofi ake buɗewa a zubar da ruwa saboda ya yi yawa. Amma da zarar zafi ya shigo sai a koma rabon kuran, wato wutar lantarki, wannan unguwa yau, waccan gobe, ga ɗinkin sallah jibge. Ni a ganina wuta ba ta yi kaɗan ba, kudu ake tura ta ko kuma ana sayar wa maƙwabta. Wanda ya san akasin haka ya faɗa.

MaiGlas_Domayo:
Wa alaikumus salam. Ka riga ni faɗa Malam Tela. Ku da kuke kusa da baraj ɗin (madatsar) ma kuna kuka, mu 'yan Marwa da muke wutsiyar layi me za mu ce?

Kilobolt_110:
Malam Tela, ba a kai wutar Lagdo kudu, don babu hanyar da za ta bi ta je. Layin arewa daban yake, na kudu daban, babu wayar da ta haɗa su. Namu yana tashi daga Lagdo, kilobolt 110 (wato bolt 110,000) zuwa Garwa, wani 110 ɗin zuwa Ngaundere, sannan kilobolt 90 daga Garwa ya bi ta Gidar ya isa Marwa. Iyakarsa ke nan. Nachtigal tana kan kogin Sanaga, wutarta tana sauka wajen Yawunde ta shiga layin kudu tare da ta madatsun Song Loulou da Edeya. Ko sau biyu aka ninka ta, ƙwan shagonka ba zai sani ba sai ranar da aka gama layin da zai haɗa mu da su.

Tela_Yelwa:
To ruwan da ake zubarwa fa? Wannan da idona nake ganin Binuwai ta cika har ta shiga gonakin mutane.

Kilobolt_110:
Bari in yi sallah in dawo, wannan amsar tana da tsawo.

Baba_Lainde:
Kafin injiniya ya dawo bari tsoho ya sa baki. Ina saurayi aka yi aikin Lagdo, 'yan Sin ne suka gina ta daga 1977 zuwa 1982, zamanin Ahmadu Ahijo. Injina 4 aka saka, kowane megawat 18, jimla 72. Ku yaran yanzu za ku yi dariya, amma lokacin wutar ta yi mana yawa. Gidaje nawa ne ke da firigo? Wa ke da na'urar sanyaya ɗaki in ba manyan ofisoshi ba? Masu jan wuta da ƙarfi su ne masana'antun auduga na Sodecoton, da masaƙar Cicam, da kamfanin siminti na Figil. Kuma ba don wuta kaɗai aka yi ta ba, har da noman rani da kamun kifi. Garin Lagdo da kuke gani masunta ne suka cika shi, Musgum da Kotoko daga arewa, da Hausawa daga Najeriya. Yau a duba Garwa kaɗai, a duba Marwa, a duba Ngaundere da jami'arta. Mutane sun ninka, kaya sun ninka, injinan nan 4 ɗin dai su ne.

Yar_Kakatare:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Mu dai mun taso mun tarar ana cewa Sonel ta kawo, Sonel ta ɗauke, wato kamfanin wutar.

Baba_Lainde:
Amin 'yata. Sonel ɗin ma ta canza hannu, a 2001 ta koma AES Sonel, a 2014 ta koma Eneo. Mu tsofaffi bakinmu ne bai canza ba.

Kilobolt_110:
Na dawo. Malam Tela, ka ɗauki tafkin Lagdo a matsayin rumbu. Sau ɗaya ake cika shi a shekara, Yuli zuwa Oktoba, sannan a yi ta ci daga ciki har wata damina. In rumbu ya cika, abin da ya zo daga baya ba shi da wurin zama.

Ga lissafin. Ƙarfin wutar da inji ke bayarwa ya dogara da abu biyu: yawan ruwan da ke ratsa shi, da tsayin da ruwan ya faɗo. Lita 1000 a daƙiƙa ɗaya, in ta faɗo mita 1, tana ba da kilowat 9.8 a takarda, a aikace wajen 8 da rabi. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, faɗuwar ba ta da yawa. Mu ƙaddara mita 20. Inji ɗaya kafin ya ba da megawat 18 sai ya haɗiye sama da lita 100,000 kowace daƙiƙa, wato duro 500 na lita 200. Kowace daƙiƙa fa, ba minti ba. Huɗun gaba ɗaya duro 2000 da wani abu. To a watan Agusta da Satumba ruwan da ke shigowa yakan ninka wannan sau da yawa. Injina ba za su iya sha fiye da cikinsu ba, tafki ya cika, dole a buɗe ƙofofi, in ba haka ba ruwa ya haura bangon, kuma bangon Lagdo na duwatsu da ƙasa ne, ruwa ba ya haura irinsa a kwana lafiya.

Da rani kuma matsala biyu ce take haɗuwa. Ruwa yana raguwa, tsayin faɗuwarsa ma yana raguwa, saboda haka duro ɗaya a watan Afrilu ba ya ba da wutar da yake bayarwa a Nuwamba. Ga rana. Tafki mai faɗin murabba'in kilomita 586 a zafin da ya haura 40, abin da rana ke sha ba kaɗan ba ne. Ga yashi da laka da suke taruwa a ƙasa shekara 40 da ɗoriya. Kuma lokacin da ruwa ya fi ƙaranci shi ne lokacin da kowa ya kunna fanka.

MaiGlas_Domayo:
Duro 500 a daƙiƙa? Innalillahi. Mu da muke bin mai kura da jarka.

Dan_Jimeta:
Sannunku 'yan uwa. Ni daga Yola nake, kawuna ne ya sa ni cikin zauren nan. Kuna maganar buɗe ƙofofi kamar wasa, mu ne muke kwana a kan rufi. 2012 ba za mu manta ba, 2022 ma haka. Duk shekara in an ce Kamaru za ta saki ruwa hankalin kowa tashi yake tun daga Fufore har Makurdi da Lokoja.

Baba_Lainde:
Ɗana, Allah ya kiyaye gaba, kuma ruwan nan mu ma yana cinmu kafin ya iso ku. Amma ka tambayi manyanku labarin Dasin Hausa. Tun lokacin da ake gina Lagdo ake maganar Najeriya za ta yi tata madatsar a can don ta tare abin da aka saki. Har yau ba a yi ba.

Malamin_Jogarafi:
Ƙari a kan maganar Baba. Ba duk ruwan da ke isa Yola ne ya fito daga Lagdo ba. Mayo Kebbi yana shiga Binuwai ne a ƙasan madatsar, kafin Garwa. Faro, wanda babban kogi ne, yana shiga bayan Garwa kusa da iyaka. Babu ɗayansu da ke da ƙofar da za a rufe. In ka wuce Yola ga Gongola a Numan, ga Taraba, ga Donga, ga Katsina-Ala. Ranar da sama ta buɗe a kan dukkansu lokaci ɗaya, ko an kulle Lagdo da kwaɗo sai Makurdi ta ga ruwa. Hasali ma a farkon damina madatsar tana rage muku ne, tunda tana riƙe ruwa har ta cika.

Dan_Jimeta:
Na ji Malam. Amma a riƙa sanarwa da wuri, kuma a riƙa saki kaɗan-kaɗan. Maganar Dasin Hausa kuwa kada ka tayar min da ciwon kai.

Admin_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambayar Malam Tela. Maganar ambaliya a buɗe mata nata wurin.

Tela_Yelwa:
To na ji ba a kai kudu. Amma ai na ji da kunnena za a ba Cadi megawat 100. Wanda bai ƙoshi ba ne zai yi sadaka?

Abakar_Njamena:
Haba Malam Tela, ba sadaka ba ce, saye za mu yi. Kuma ka zo ka ga yadda muke. A Cadi cikin mutum 10 da ƙyar 1 ke da wuta, mafi yawansu kuma a Njamena. Abin da muke da shi injinan mai ne, irin na Farsha, da abin da ke zuwa daga matatar mai ta Jarmaya, sai sola da aka fara sakawa yanzu. Kogunan Shari da Logon suna ratsa mu amma ƙasa ce kwance, ruwa ba ya faɗowa daga ko'ina. Wurin da ake ta ambato shi ne magangarar Gauthiot a kan Mayo Kebbi wajen Lere, tun kakanninmu ake zancenta.

Kilobolt_110:
Kuma ba daga Lagdo za a ɗebi na Cadi ba. Aikin kashi biyu ne. Na farko layin kilobolt 225 daga yankin Nachtigal ya bi ta Ntui, Yoko, Tibati ya iso kusa da Ngaundere, sama da kilomita 500. Na biyu ya tashi daga nan ya bi Garwa, Marwa, ya tsallaka Bongor, Gelendeng har Njamena. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 385 a watan Yunin 2020, Bankin Raya Afirka ma yana ciki. Ka lura da hanyar: wutar ba za ta isa wurin Abakar ba sai ta ratsa ƙofar gidanka. Ni a ganina shigar Cadi alheri ce gare mu, domin masu ba da bashi sun fi sakin kuɗi in aikin ya haɗa ƙasa biyu kuma akwai mai saye a ƙarshen layi.

Sarkin_Shakka:
2020 ka ce? Yanzu wace shekara muke? Ni sai na ga ƙwai ya kama.

MaiGlas_Domayo:
Sarkin Shakka yau kam ina bayanka.

Dalibi_Dang:
Yaya Kilobolt, tambaya. Me ya sa sai 225? Tunda akwai 110 daga Ngaundere zuwa Lagdo, ba sai a jona a kai kawai ba?

Kilobolt_110:
Ƙanena, waya tana cin wuta. Duk wayar da kuran ke bi tana ɗumi, ɗumin nan asara ce. In ka ninka bolt sau 2, kuran ɗin da ke bin wayar ya ragu rabi, asarar kuma ta koma kashi 1 cikin 4. Daga 110 zuwa 225 kusan haka ne. A kilomita 50 ba ka damu sosai ba, a kilomita 1000 kuwa in ka tura da 110 abin da zai isa ƙarshe ba zai biya wahala ba. Na 110 da na 90 da muke da su an auna su ne da megawat 72 na zamanin Baba.

Kuma mutane suna ganin layi turakun ƙarfe ne da waya kawai. Abin da ke cin kuɗi da lokaci yana cikin tashoshin da aka kewaye da shinge. Akwai manyan transfo masu ɗaga bolt a bakin madatsa da masu sauke shi a bakin gari. Akwai dijontar, mai yanke layi cikin ƙiftawar ido in waya ta taɓa bishiya ko ta faɗi. Akwai na'urorin da ke lura su ba shi umarni, in ba a saita su daidai ba matsalar Gidar sai ta kashe har Ngaundere. Akwai maganin tsawa. Akwai wata na'ura mai kama da transfo da ake sakawa a dogon layi, saboda in dare ya yi nisa mutane sun kashe kaya, bolt a ƙarshen dogon layi hawa yake yi maimakon ya sauka, sai an danne shi. Sannan duk injinan da ke kan layi ɗaya dole su yi bugu ɗaya, sau 50 a daƙiƙa. Ranar da za a haɗa arewa da kudu sai an daidaita bugun Lagdo da na Sanaga kafin a rufe makunni, daga nan kuma ɗaki ɗaya ne zai riƙa kallon duka. Wannan ɓangaren na kamfanin Sonatrel ne, wanda aka kafa a 2015 don manyan layuka.

Direba_Falez:
Ni abin da na sani a nan shi ne ɗauko su. Babban transfo ba kayan da za ka ɗora wa kowace tirela ba ne, wani ya fi tan 50, wani ya haura 100. Daga tashar jirgin ruwa ta Duwala ko Kiribi, in jirgin ƙasa ne a Ngaundere ya tsaya, daga nan sai titi. Duk wanda ya taɓa gangara falez ɗin Mbe, wato gangaren dutsen nan na hanyar Ngaundere zuwa Garwa, da kaya mai nauyi ya san abin da nake nufi. Sai an duba kowace gada kafin a hau. Na taɓa bin bayan irin wannan ayarin, tafiyar da nake yi da safe in isa da la'asar su kwana suka yi ta yi a hanya.

Kilobolt_110:
Gaskiyarka direba. Kuma ba a ajiye su a kanti. Oda ake bayarwa a ƙera, yanzu duniya duka layi take bi, jiran shekara ɗaya ko biyu ba abin mamaki ba ne.

Malamin_Jogarafi:
Sarkin Shakka yana da hujja fa, kada mu yi masa dariya. Ku tuna Memve'ele a kan kogin Ntem, megawat 211. An gama ginin madatsar a 2017, amma layin da zai kai wutar Yawunde bai kammala ba sai bayan shekaru. Injina a zaune, bashi yana tafiya, ana ba da ɗan abin da ƙaramin layi zai iya ɗauka. Madatsa ana ganinta, ana yanka mata kyalle a ɗauki hoto. Layi kuwa sai ka bi ƙauye-ƙauye ka biya diyyar gona da kabari da bishiyar mangwaro, wuri ɗaya ya tsaya duka ya tsaya.

Sarkin_Shakka:
Yauwa. Kuma ba sai mun je kudu ba. Ina madatsar Bini a Warak?

Dalibi_Dang:
Tana nan kusa da mu. Megawat 75 aka tsara, kamfanin Sinohydro ya fara aiki ya tsaya saboda maganar kuɗi. A 2023 gwamnati ta sa hannu da Savannah Energy don a farfaɗo da ita. Abin takaici shi ne tudun Adamawa ne wurin da ya fi dacewa da irin wannan aiki a duk arewa. Ga ruwan sama ya fi na Garwa, ga gangara. Bisa lissafin Yaya Kilobolt, in faɗuwa ta ninka sau 5, ruwan da kake buƙata ya ragu sau 5. Ko ƙananan ma suna aiki, ga ta Mbakaou wajen Tibati, megawat 1.4 kacal amma ta rage wa garin dogaro da gazuwal, wato man dizal.

Hajiya_Folere:
Ni duk wannan lissafin ya fi ƙarfina. Abin da na sani, ko ranar da aka ce layinmu ne ke da wuta, ƙwan ɗakina ja yake kamar garwashi daga magariba har sha ɗaya. Firiza tana gurnani ba ta sanyi. Bara injinta ya ƙone ana tsakiyar azumi, zoɓo da kindirmo da ƙanƙara duk na yi asararsu. Maƙwabciyata da ke tsallaken titi kuwa tata lafiya lau. Shin ita daga Nachtigal ake kawo mata?

Usta_Lantarki:
Hajiya kin taɓo inda nake jira. Sana'ata ke nan, ina ɗaura waya a gidaje. Abin da ya ƙona miki firiza ba ruwan Lagdo a ciki. Transfo ɗin unguwa ne da wayar da ta taso daga shi. Irin wanda kuke gani rataye a kan poto, wato turken wuta, yawanci 50 ne, ko 100, ko 160 kVA, ma'aunin nauyin da zai iya ɗauka. An saka shi lokacin da gidaje ba su da yawa. Yau kowane gida an yanka shi haya, ga mai walda, ga injin niƙa, ga masu jan waya ta bayan katanga ba konta, wato mitar wuta. Kaya sun fi ƙarfinsa. Kuma waya 3 ce ke fitowa da wuta, ta huɗu ta dawowa ce. In an jibga yawancin gidaje a kan guda ɗaya, ita za ta faɗi, sauran su tsaya lafiya. Ina zaton ke kina kan mai nauyin, maƙwabciyarki tana kan wata. Na sha aunawa a ƙarshen layi da daddare in ga bolt 160 ko 170 a maimakon 220. Injin firiza in bolt ya yi ƙasa ƙarin kuran yake ja, ya yi zafi, ya ƙone.

Shi ya sa nake gaya wa mutane, ko gobe aka kawo megawat 420 ɗin nan gaba ɗaya aka ajiye a tashar wuta ta Jambutu da ke Garwa, ƙwan Hajiya ja zai ci gaba da yi. Ƙila ma abin ya ƙaru, don in wuta ta zauna kowa zai sayi kaya.

Hajiya_Folere:
To ɗana mene ne maganin? Kada ka ce in tashi daga gidan.

Usta_Lantarki:
A'a Hajiya. Ki sa regilata, na'urar daidaita bolt, mai jinkiri, wanda in wuta ta dawo yake jira minti kaɗan kafin ya saki. Ki sa a auna miki da daddare, ba da rana ba. In kina kan waya mai nauyi ki rubuta a mayar da ke kan wata, kada ki bari yaron unguwa ya hau poto, mun binne mutane a kan haka. Babban maganin kuwa ku haɗu da mai unguwa ku rubuta neman ƙarin transfo, da sa hannun masu konta da lambobinsu.

Yar_Kakatare:
Mun rubuta namu tun kafin a yi gasar ƙwallon Afirka a filin Rumde Ajiya na Garwa. Har yanzu ana cewa ana dubawa.

Manomi_Mayo:
Ku 'yan birni kuna maganar ja da fari. Mu a ƙauye iska ɗaya ta farkon damina ta kwantar da poto 5, sai mu yi wata a duhu. Na katako ne, daga yammacin Kamaru ake kawo su, gara ta ci gindi, wutar daji ta lashe sauran. Inda aka saka na siminti an huta. Sannan layinmu waya ɗaya ce tak, ƙwai da caji tana yi, amma injin niƙa babba ko famfon ban ruwa ba ya tashi a kanta. Muna kallon ruwan tafki, muna kallon manyan wayoyi suna wucewa ta saman gonakinmu, muna niƙa da gazuwal.

Kilobolt_110:
Wannan layin mai waya ɗaya an yi shi ne don araha, ƙasa ce ke zama wayar dawowa. Ya kai wuta ƙauyuka da yawa da ba za su samu ba, amma gaskiyarka, ba na sana'a ba ne. Kuma ba a iya sauke 110 kai tsaye a ƙauye, sai ta je tasha an mayar da ita kilobolt 30, ta dawo.

MaiGlas_Domayo:
Ni fa na gaji da zancen ruwa. Rana ce Allah ya ba mu. Tunda aka saka sola a Marwa da Gidar an ga sauƙi da rana, wannan ba wanda zai musa. A cika ko'ina da ita a bar baraj ya huta.

Dalibi_Dang:
Kamfanin Scatec na Norway ya kafa su, kuma lokacin da aka ƙaddamar a 2023 su biyun megawat 36 ne. Amma baturan da aka saka musu a lokacin megawat-awa 19 ne, wato abin da bai wuce awa ɗaya ba in aka ja da ƙarfi. Mu kuma matsalarmu daga magariba ne zuwa tsakar dare.

Kilobolt_110:
A nan ne mutane ba sa ganin amfanin Lagdo. Duk awar da sola ta ɗauki gari da rana, ana iya rage injina a ajiye ruwan, a sake shi da magariba. Injin ruwa yana tashi cikin mintoci, kuma shi ke riƙe bugun 50 ɗin nan in girgije ya rufe Gidar farat ɗaya. Sola kaɗai a kan ƙaramin layi irin namu rawa za ta riƙa yi. Saboda haka ba kishiyoyi ba ne. In da ni ake tambaya, kafin sabuwar madatsa zan fara gyara injinan Lagdo 4 da suka haura shekara 40, in ƙara sola, in canza transfo na unguwanni.

Sarkin_Shakka:
Da kuɗin wa? Ofisoshin gwamnati suna biyan faktir ɗinsu, wato kuɗin wuta? Masu jan waya ta katanga fa? Kowa yana son transfo sabo, ba mai son konta mai kati.

Hajiya_Folere:
Ni ina da mai kati kuma ina biya kafin in sha. Ja ko fari kuɗin ɗaya ne.

Abakar_Njamena:
Ku dai ku yi ta faɗanku amma ku bar wayar ta wuce. Wani tsorona ɗaya: in aka haɗa mu duka a layi ɗaya, ranar da Sanaga ta yi ƙasa ko turke ɗaya ya faɗi a dajin Yoko, wa za a fara yankewa? Mu da muke can ƙarshe.

Malamin_Jogarafi:
Sanaga tana da madatsu masu riƙe mata ruwa, Mbakaou, Bamenjin, Mape, da Lom Pangar mai ɗaukar mita kubik biliyan 6, shi ya sa ba ta faɗuwa da rani kamar da. Amma maganar turke gaskiya ce. Dalili ke nan da bai kamata a kwance injinan Jambutu ko na Farsha ba ko bayan an haɗa.

Tela_Yelwa:
To na ji bayanai, na gode. Na yarda babu wayar da ke kai ta kudu. Amma ban janye duka ba. In tun 1982 ake da 72, kuma kowa yana ganin garuruwa suna girma, me ya hana a ja wannan layin tun shekara 20 da suka wuce? Kudu an yi Memve'ele, an yi Lom Pangar, an yi Nachtigal. Mu aka ce mu jira.

Baba_Lainde:
Wannan tambayar ba ta injiniya ba ce ɗana, ta 'yan majalisarku ce.

Admin_Zaure:
Baba a yi mana afuwa, kada a shiga siyasa.

Usta_Lantarki:
Malam Tela, kafin majalisa ta amsa, kekunanka nawa ne masu mota? In ba su wuce 3 ba, fanel 4 da batir da inbata mai kyau za su riƙe maka su da ƙwai. Dutsen guga ne kawai kada ka jona, shi kaɗai ya fi kekunan duka ci.

Tela_Yelwa:
Biyu ne da na surfani ɗaya. Guga da gawayi muke yi dama. Turo min lissafin ta akwati.

Manomi_Mayo:
Usta, ni ma ka duba min ko akwai famfon sola da zai ja ruwa daga rijiya mai zurfin gaba 6, albasa nake so in gwada bana.

Usta_Lantarki:
Akwai. Amma ka fara auna yawan ruwan da rijiyar ke mayarwa a awa ɗaya cikin watan Maris, kada mu sayi famfon da ya fi ƙarfinta.